Darasin Zane: Abin da Babbar Riga Ke Koya Mana

Kowace shekara in jarrabawa ta gabato, 'yan aji uku sukan zo mini da roƙo guda: "Malam, a rubuta mana ginshiƙan zane a allo mu haddace." Nakan rubuta, su kwafe, su haddace. Amma ranar da aka ajiye musu tulu da ƙwarya a kan tebur aka ce su zana, sai ka ga yaro ya matse tulun can a kusurwar takarda kamar wanda aka kora daga gida, sauran takardar kuwa fili fetal. Wannan yaro ya san sunayen, amma bai san aikinsu ba, kuma makin da zai ci ke nan ya zube. Saboda haka bana, da aka ba ni shafi a wannan littafi, na ga gara mu bar allo mu ɗauko babbar riga. Kusan duk abin da littafin zane ya faɗa, maɗinkan ƙasarmu sun daɗe suna yinsa da allura da zare.

Ku roƙi baba ko kaka ya ara muku riga mai aska takwas, irin ta aikin hannu, ku shimfiɗa ta a kan tabarma. Abu na farko da za ku gani shi ne layi. Kowane zane da layi yake farawa, wani miƙaƙƙe, wani lanƙwasasshe, wani siriri, wani mai kauri. In layi ya zagaya ya komo inda ya taso, ya zama siffa. Askaken nan siffofi ne masu kusurwa uku, dogaye, masu tsini. Tambarin da ke ɗaya gefen kuwa layi ne guda da ya yi ta naɗewa kamar gammo. Ku lura da yadda kowannensu yake taɓa zuciya: tsinin aska yana da zafi, yana jan ido ƙasa da sauri, tambari kuwa yana sa ido ya yi ta kewaya a hankali. Sannan ku shafa da hannu. Yadin yana da santsi, aikin zaren yana da kaushi da tudu. Shi ma wannan ginshiƙi ne, kuma mai fensir yana iya nuna shi da ɗige-ɗige ko gajerun layuka, har mai kallo ya ji kamar ya taɓa.

A kan launi ba zan tsawaita ba, don kun fi riƙe shi. Iyayen launuka uku ne a wurin mai fenti: ja, rawaya da shuɗi. Shuɗi da rawaya su ba da kore, wanda a nan muke ce wa tsanwa. Ja da rawaya su ba da ruwan goro. Kakanninmu ba su sayi fenti a kanti ba. Marina suna samun shuɗi daga baba, dukawa suna samun ja daga karan dafi, magina kuma suna da farar ƙasa da jar ƙasa. Abin da ya fi ba ɗalibai wuya shi ne haske da inuwa. Tulu ba zai yi ciki a takarda ba sai an nuna gefen da rana ta buga da gefen da ta bari. Kafin ka sa fensir, tambayi kanka: daga ina hasken yake zuwa? In taga tana hagu, inuwa tana dama, kuma haka za ta kasance ga duk abin da ke kan teburin, ba tulu yana kallon gabas ƙwarya tana kallon yamma ba.

Waɗannan su ne kayan aiki. Amma tara kayan miya ba shi ne iya girki ba. Yadda ake shirya su a kan takarda shi ake kira tsari, kuma nan ne babbar riga ta fi koyarwa.

Ku sake duba ta. Yawancin aikin yana gefen hagu na mai sanye da ita, a kan aljihu har zuwa kafaɗa. Gefen dama kusan babu komai sai tambari guda. Bisa lissafi ya kamata rigar ta yi kamar jakin da aka ɗora wa mangala gefe ɗaya. Me ya sa ba ta yi ba? Domin tambarin nan, ko da yake ƙarami ne, yana zaune shi kaɗai cikin fili, kuma abu guda cikin fili yana da nauyi a ido kamar abubuwa goma a cunkushe. Wannan shi ne daidaito. Iri biyu ne. Akwai wanda hagu da dama suke kama ɗaya, kamar tutar Nijeriya ko dagin Arewa, shi ne mai sauƙi. Akwai kuma irin na rigar nan, inda gefe biyu suka bambanta amma nauyinsu ya zo ɗaya. A ganina na biyun ya fi daɗin kallo, kuma shi ne ke bambanta gwani da ɗan koyo.

Daga nan za ku gane cewa filin da ba a zana komai ba shi ma aiki yake yi. Taiwo Akinkunmi, wanda ya ci gasar zana tutarmu a 1959 yana ɗalibi a Landan, ya sa jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ta, aka ɗaga tutar ranar 1 ga Oktoba, 1960 da kore da fari kaɗai. Har yau ana iya gardama a kan ko sun kyauta, amma ku gwada zana ta iri biyu ku ga wadda ido ya fi hutawa a kanta. Wasu daga cikinku, musamman yara maza, ba sa iya barin takarda sai sun cusa mota da jirgi da tsuntsu a kowane lungu. A rage.

Kowane zane kuma yana bukatar wurin da ido zai fara sauka. A riga, wuya da aljihu ne. A shahararren zanen nan na Jibin Ƙarshe, wanda Leonardo da Vinci ya yi a bangon wani ɗakin cin abinci a birnin Milan na ƙasar Italiya tsakanin 1495 da 1498, duk layukan rufin ɗaki da na bango sun nufi wuri guda, watau kan Yesu, almajirai kuma an raba su uku-uku, shida a dama shida a hagu. Yawancinmu mun ga kwafinsa a kalanda, amma ƙalilan ne suka taɓa ɗora rula su bi layukan. Ku gwada.

Dabarar da ya yi amfani da ita ba sai kun je Italiya za ku gan ta ba. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya iso Ƙaura Namoda a 1929, kuma nan ya tsaya. In ka tsaya kusa da tasha ka dubi wajen Gusau, za ka ga ƙarafan nan biyu suna matsowa kusa da juna har su haɗe can nesa, alhali ka san ba su taɓa haɗuwa ba. Haka abin da ke nesa yake ƙanƙancewa, launinsa kuma ya dusashe, balle lokacin hazo. Wanda ya riƙe wannan zai iya sa hanya ta shige cikin takarda.

Saura maimaici da gwargwado. Maimaici shi ne kiɗan zane. Ku dubi faifai ko tabarma ko hular kube: siffa ɗaya tana dawowa, tana dawowa, sai a karya ta da wani launi don kada ido ya gaji, kamar yadda makaɗi ke sauya hannu. A da nakan ce wa ɗalibai su je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko wurin masu ƙorai a Zurmi, su cika littafi da irin waɗannan. Yanzu halin da hanyoyinmu ke ciki bai bar ni in ce haka ba, amma ɗakin kowace uwa yana da abin da zai ishe ku. Gwargwado kuwa shi ne girman wani sashe in an gwada shi da wani. Tsawon babban mutum ya kai misalin kansa bakwai da rabi. Idanu suna tsakiyar kai ne, ba can sama kusa da gashi ba, inda kusan kowane ɗan aji ɗaya yake sa su.

Kada wani ya ɗauka koyo daga riga da faifai ƙauyanci ne. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya don haɗa abin da malamansu Turawa ke koya musu da zanen gargajiya na garuruwansu. Su ne suka zama manyan masu zane na ƙasar nan. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a ƙauye ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, kafin ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a 1954. Abin da ke damuna shi ne aikin inji ya cika kasuwa, masu aikin hannu suna tsufa, kuma 'ya'yansu, watau ku, ba ku tambayarsu.

Ga aikin hutu. Kowa ya nemi abu ɗaya na aikin hannu a gidansu, riga ko hula ko ƙwarya ko faifai ko jakar fata. Ya zana shi ya cika takarda, ya nuna haske da inuwa. A bayan takardar ya rubuta inda ido ya fara sauka da dalili, da irin daidaiton da ke ciki. In wanda ya yi abin yana raye, a tambaye shi sunan kowane zane da bakinsa, a rubuta yadda ya faɗa. Za a karɓa a makon farko na komawa makaranta.