WASAN YARA BA ƁATA LOKACI BA NE

Darasinmu na wannan wata a kan 'ya'yanmu ne. Za mu duba yadda ƙarfin jikin yaro da wasanninsa suke taimaka wa karatunsa.

A garuruwanmu na Birnin Kudu da Gwaram, da yawa daga cikinmu muna ganin wasa shiririta ce. Uba zai dawo daga kasuwar Sara ko ta Babaldu ya tarar da ɗansa yana langa a ƙofar gida. Sai ya daka masa tsawa, ya ce ya je ya ɗauki littafi. Nufin uban mai kyau ne. Amma akwai abin da ya kamata ya sani.

ƘWAƘWALWA TANA CIN ABINCI

Da ƙwaƙwalwa ake karatu. Ita kuwa ƙwaƙwalwa da jini take aiki. Jini ne yake kai mata abinci da iskar da muke shaƙa. A jikin babban mutum, nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Amma tana cinye wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. Ta ƙaramin yaro ma ta fi haka ci, domin tana kan girma.

Idan yaro ya yi gudu ko tsalle, zuciyarsa takan ƙara bugawa. Huhunsa yakan buɗe. Jini yakan zaga jiki sosai, har ƙwaƙwalwa ta sami rabonta. Yaron da ya saba da haka ba ya saurin gajiya. Yakan yi barci mai daɗi da dare. Da safe yakan shiga aji da kuzari, ya saurari malami.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

A shekarar 2014, masana na Jami'ar Ilinoi da ke Amurka sun bayyana sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki yara 221, 'yan shekara 7 zuwa 9. Suka raba su gida biyu. Kashi ɗaya suna wasannin motsa jiki bayan an tashi daga makaranta, har wata 9. Ɗaya kashin kuwa ba a saka su ba. Da aka gwada su duka, yaran da suka yi wasan sun fi ci gaba wajen tattara hankali a kan aiki. Sun kuma fi iya barin wani aiki su koma wani ba tare da rikicewa ba. Wannan kuwa shi ne abin da ake bukata a aji.

A ƙasar Finlan, makarantun firamare da yawa sukan ba yara hutun minti 15 bayan kowane darasi na minti 45. Yara sukan fita fili su yi wasa, sannan su dawo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi magana. A shawarar da ta fitar a 2020, ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na kamar minti 60 a kowace rana. Wato awa guda ke nan. Irin motsin da zai sa numfashi ya ɗaga ake nufi.

HANNU DA IDO

Mu ɗalibai na ajin yaƙi da jahilci mun san wani abu. Ranar da muka fara riƙe fensir, hannunmu ya ƙage. Mutumin da yake noma kadada guda da fartanya sai ga shi yana gumi a kan harafin "b". Me ya sa? Domin rubutu aikin 'yan yatsu ne da ido, kuma yana son sabo.

To, yaro a wurin wasa yake fara samun wannan sabo. Ga misalai:

Carafke: yarinya takan jefa dutse sama, ta kwashi na ƙasa, ta cafe na sama. Ido da hannu suna aiki tare. Tana kuma ƙirga.

Langa da 'yar gala-gala: tsayuwa da tsalle a ƙafa ɗaya suna koya wa yaro daidaita jikinsa.

Gaɗa: tafi da rawa da waƙa suna koya wa yara bin tsari da riƙe kalmomi a ka.

Ginin laka da ƙera motar kara: suna ƙarfafa 'yan yatsu, su shirya su riƙon fensir.

Ƙwallo da kokawa: suna ƙara ƙarfin zuciya da huhu. Suna koyar da bin doka da haƙuri idan an sha kaye.

Yawancin waɗannan namu ne na gado. Ba a sayen su da ko sisi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

AIKI DABAN, WASA DABAN

Wani zai ce, ai ɗana ba ya zama. Yana zuwa gona, yana kiwo, yana ɗebo ruwa. Gaskiya ne. Aiki daidai ƙarfin yaro yana da amfani, kuma tarbiyya ce. Amma idan ya yi yawa sai ya zama illa. Yarinyar da ta yini da farantin talla a ka cikin rana ta motsa jiki, amma gajiya ta kwaso. Gobe a aji gyangyaɗi za ta yi, in ma ta je. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa kowane yaro a makaranta, tun daga firamare har ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan. Kada aiki ya cinye wannan haƙƙi.

Haka kuma wasa ba ya maye gurbin karatu. Yaron da ya fi kowa gudu, in bai je makaranta ba, ba zai iya karanta wasiƙa ba. Wasa yana gyara gona ne. Malami da littafi su ne suke shuka.

DA RUWAN CIKI AKE JAN NA RIJIYA

Yaro mai jin yunwa ba ya wasa, ba ya karatu. Ko koko da ƙosai ne, ko ɗumamen tuwo, a ba shi kafin ya fita. Tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro suna rage jinin yaro, su kashe masa jiki. A wani bincike da aka yi a gundumar Busiya ta ƙasar Kenya, wanda aka buga a 2004, ba 'yan makaranta maganin tsutsa ya rage fashin makaranta da kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka idan ma'aikatan lafiya sun zo rabon magani, mu ba su haɗin kai. Yara su riƙa kwana cikin gidan sauro.

ABIN DA ZA MU YI

1. Mu bar yara su yi wasa na awa guda kullum. A lokacin bazara, a bari sai da safe ko da la'asar sakaliya, kuma su sha ruwa.

2. Kada mu hana 'ya'ya mata. Su ma jikinsu da ƙwaƙwalwarsu suna bukata. Ko a tsakar gida ne, su yi gaɗa da tsallen igiya.

3. A share filin wasa. A kwashe ƙaya da fasassun kwalabe. A hana yara wasa a bakin titi da bakin kududdufi.

4. A taron iyaye da malamai, mu tambaya ko ana yin darasin motsa jiki. Mu roƙi kada a mai da lokacinsa na shara, kuma kada a gine filin makaranta.

5. Kada a bar ƙaramin yaro ya yini a zaune yana kallon waya.

6. Yaro mai naƙasa kada a ware shi. A nema masa wasan da zai iya.

7. Idan yaro yana yawan faɗuwa, ko yana haki da ɗan gudu kaɗan, ko ya kasa riƙe abin da tsararrakinsa suke riƙewa, kada a doke shi. A kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi babban asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

TAMBAYOYI

1. Minti nawa ya kamata yaro ya motsa jiki a rana?

2. Faɗi wasanni uku da suke shirya hannun yaro ya iya rubutu.

3. Mene ne bambancin wasa da aikin da ya fi ƙarfin yaro?

4. Rubuta sunan wasan da ka fi so lokacin da kake yaro. Ka koya wa ɗanka shi a wannan mako.

Ku tattauna amsoshin da malaminku a aji. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani. Sai wata mai zuwa.