Dawowa Daga Bakin Kabari: Me Kimiyya Ta Gano?

Gabatarwa

Hausawa kan ce barci ƙanen mutuwa ne. Akwai kuma halin da ya fi barci kusa da mutuwa, wato tsayawar bugun zuciya. A wannan hali jini yakan daina zuwa ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙoƙi kaɗan mutum ya fita hayyacinsa. Wasu daga cikin waɗanda likitoci suka farfaɗo da su sukan ba da labarin abubuwan al'ajabi. Wannan maƙala za ta duba ko labaran nan hujja ce ta rayuwa bayan mutuwa.

Abin da suke faɗa

A shekarar 1975 Raymond Moody, wani Ba'amurke masanin falsafa da likitanci, ya wallafa littafin Life After Life bisa labaran mutane kimanin 150. Abubuwan da suka yi ta maimaituwa su ne natsuwa mai zurfi, jin an rabu da gangar jiki ana kallonta daga sama, ratsa wata doguwar hanya mai duhu zuwa ga haske, haɗuwa da 'yan'uwan da suka rasu, da ganin rayuwar baya tana wucewa kamar majigi. A 2001 likitan zuciya Pim van Lommel ya buga bincikensa a mujallar The Lancet: cikin majinyata 344 da aka farfaɗo a asibitoci 10 na ƙasar Holan, 62, wato kashi 18 cikin ɗari, sun ba da irin wannan labari.

Hujjar masu goyon baya

Masu wannan ra'ayi suna cewa na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa takan yi tsit jim kaɗan bayan zuciya ta tsaya. To, ta yaya ƙwaƙwalwar da ba ta aiki za ta haifar da tunani mai tsari wanda ake tunawa daki-daki bayan shekaru? Sun kuma lura cewa yawancin mutanen nan sukan daina tsoron mutuwa, halayensu su sauya.

Amsar masana ƙwaƙwalwa

Na farko, babu hanyar sanin daidai lokacin da abin ya faru. Yana iya aukuwa gab da suma ko yayin farfaɗowa, sa'ad da ƙwaƙwalwa take da sauran aiki.

Na biyu, ana samun sassan wannan hali ba tare da kusantar mutuwa ba. A 2002 Olaf Blanke da abokan aikinsa a Janiba, ƙasar Suwizalan, sun taɓa wani sashe na gefen dama na ƙwaƙwalwar wata mai ciwon farfaɗiya da 'yar wutar lantarki, sai ta ce tana ganin kanta kwance daga sama. Matuƙan jiragen yaƙi da aka juya cikin na'urar gwaji har jini ya ragu a kawunansu sun ga duhu ya kewaye ganinsu, ya bar haske a tsakiya. Maganin sa barci na ketamin ma yakan jawo makamancin haka. Wani bincike na 1990 ya duba takardun asibiti na mutane 58 masu irin wannan labari, aka tarar 30 daga cikinsu ba su kasance cikin haɗarin mutuwa ba.

Na uku, ƙwaƙwalwa ba ta mutuwa farat ɗaya. A 2013 Jimo Borjigin ta Jami'ar Mishigan ta ga motsin ƙwaƙwalwar ɓeraye ya ƙaru ƙwarai cikin daƙiƙa 30 bayan tsayawar zuciya.

Na huɗu, al'ada tana da tasiri. A Indiya an tattara labaran mabiya addinin Hindu da suka ce manzannin Yama, sarkin matattu a wurinsu, sun ɗauke su bisa kuskure, sannan aka mayar da su.

Gwajin ɓoyayyun hotuna

Gani ya kori ji. Saboda haka Sam Parnia ya jagoranci bincike a asibitoci 15 na Birtaniya da Amurka da Ostiriya, inda aka ajiye hotuna a kan kantoci masu tsawo, ta yadda sai daga rufin ɗaki ake iya ganinsu. An buga sakamakon a 2014. Cikin mutane 2,060 da zuciyarsu ta tsaya, 330 suka rayu, aka tattauna da 140. Mutum ɗaya ya bayyana daidai wasu abubuwan da aka yi yayin ceto shi, amma a ɗakin da babu hoto. Ba a samu ko mutum ɗaya da ya ga hotunan ba.

Kammalawa

Masu ba da labaran nan ba maƙaryata ba ne. Abin da suka ji gaskiya ne a gare su. Sai dai dukkansu sun kusanci mutuwa ne, ba su mutu ba, domin ƙwaƙwalwarsu ta dawo aiki. Kimiyya tana hukunci ne a kan abin da za a iya aunawa a kuma maimaita, don haka labaran ba su tabbatar da lahira ba, ba su kuma kore ta ba. Mai imani da lahira ya dogara ne da wahayi, ba da ma'aunin asibiti ba.

Tambayoyi ga ɗalibai

1. Mene ne bambancin tsayawar zuciya da mutuwar ƙwaƙwalwa?
2. Don me aka ɗora hotunan a kan kantoci masu tsawo?
3. Wane sakamako ne da zai ƙarfafa hujjar masu goyon baya?