Shin Ya Kamata A Hana Kiwon Mesa A Gida?

Mu nan ƙasar Hausa, in aka ce mesa ta shiga gida, kowa sanda zai nema. Amma a Amurka akwai mutanen da ke sayenta da kuɗinsu, su ajiye ta cikin akwatin gilashi, suna ciyar da ita da ɓeraye don sha'awa kawai. A kan wannan kiwo ne ake ta gardama a can, ni kuwa ina tare da masu cewa a hana.

Mesa ba ta da dafi. Nannaɗe abin da ta kama take yi, ta matse shi har ya mutu, sa'an nan ta haɗiye. A shekarar 2009 wata mesar gida ta kashe yarinya 'yar shekara 2 a Jihar Filorida. A 2013 kuma, a Kanada, wata irin ta Afirka ta kashe yara 2 suna barci.

To, masu kiwo sun ce kare ya fi mesa kisan mutane a Amurka kowace shekara, amma ba wanda ya ce a hana kiwon kare. Sun kuma ce akwai masu cin abinci da wannan sana'a. Gaskiyarsu ne, ba na musu.

Sai dai, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, babbar ɓarnar a daji take. Mutum yakan sayi mesar ƙasar Bama tana 'yar ƙarama, bayan 'yan shekaru ta wuce ƙafa 10, ciyar da ita ya gagare shi. Sai ya kai ta daji ya saki. Da waɗanda aka saki da waɗanda suka tsere, ta haka suka cika wata babbar fadama mai suna Everglades a kudancin Filorida. Wurin akwai ɗumi da ruwa kamar ƙasarsu ta asali, ga shi mace ɗaya takan yi ƙwai da yawa a lokaci guda. Suna cin zomaye da tsuntsaye da barewa, har kada ba su bari ba. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna ƙananan dabbobi sun ragu ƙwarai a inda mesa ta daɗe, zomo ma an daina ganinsa a hanyoyin da aka duba. Kare bai taɓa yi wa wannan fadama haka ba.

A 2012 gwamnatin Amurka ta hana shigo da mesar Bama da manyan mesoshin Afirka, ta ƙara wasu iri a 2015. A ganina dokar ta yi daidai, amma ta makara. Tun 2013 Filorida ta fara shirya gasar farautar mesa, tana kuma biyan mafarauta lada. A 2023 an kama wata mai tsawon ƙafa 19, har yanzu kuwa ba a ga ƙarshensu ba.