Gyaran Cikin Tsohuwar Jif: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Sayi Allon Android

Har yanzu tsofaffin jif irin su Toyota Highlander ta 2001 zuwa 2007, da Honda CR-V ta 2002 zuwa 2006, da RAV4 da Pathfinder suna ta zirga-zirga tsakanin Nahuce da Bungudu da Gusau, wasu har Tsafe. Jikinsu na da ƙwari, amma cikinsu ya tsufa: rediyon kaset ko na faifai, dasbod da rana ta tsattsaga, kujerun da suka yage. Matashin da irin wannan mota ta zo hannunsa, ko ta saye ko ta gida, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne ya cire tsohon rediyo ya saka babban allon Android irin wanda yake gani a TikTok. Wannan ba laifi ba ne, sai dai allon ne ya kamata ya zo a ƙarshe. Motar da ke bin hanyoyin da babu mai son ya tsaya a cikinsu da yamma, abin da ake buƙata daga dasbod ɗinta shi ne ta faɗi gaskiyar halin da inji yake ciki tun kafin ya mutu.

Dasbod na iya ɓoye gaskiya

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. A murɗa makulli har fitilun dasbod su kama, amma kada a tayar da inji. Dole fitilar inji, da ta mai, da ta batir, da ta jakar iska wadda ake kira eyabag, duk su haska. Idan ta inji ba ta kama ba, akwai yiwuwar wani ya cire ƙwanta ko ya liƙe ta da baƙin tef kafin a sayar da motar, kuma ana yin haka.

Daga nan sai a leƙa ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba. Akwai wani soket mai ramuka 16 da ake kira OBD2. Tun 1996 doka ta tilasta shi a kan motocin da ake sayarwa a Amurka, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Yawancin tokumbon da ke nan suna da shi. Ana sayar da wata 'yar na'ura mai suna ELM327 da ake cusawa a soket ɗin, ta haɗu da wayar hannu ta Bluetooth, sai a buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. Nan take wayar za ta nuna abin da kwamfutar motar take gani.

Lambobi biyu ne suka fi muhimmanci. Ta farko zafin ruwan inji, wanda a lafiyayyar mota yake zama tsakanin digiri 85 zuwa 100. A motoci da yawa allurar zafi ta dasbod takan tsaya a tsakiya ko zafin ya ƙaru sosai, ba ta motsawa sai abu ya kusa ɓaci. Manhaja kuwa tana nuna ainihin lambar, har ana iya saita ta ta yi ƙara idan an haura 105. Ta biyu ita ce wutar batir. Cikakken batir a kashe yana nuna kusan bolt 12.6, idan inji na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Idan mota na tafiya amma lambar na wajen 12, to altaneta ba ta caji, batir kawai ake ci, kuma tafiyar ba za ta yi nisa ba. Wanda ya ɗora allo da lasifika da fitilu a kan irin wannan mota ya ƙara wa mara lafiya kaya ne.

Na'urar tana kuma karanta lambobin matsala. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa a cikin inji, abin da ƙura a kan na'urar auna iska kan jawo, musamman bayan hunturu. P0300 na nufin wuta na tsallake a wasu silinda. Wanda ya je wajen bakanike da lamba a hannu ba kasafai ake sa shi sayen kayan da ba ya buƙata ba. A kula dai, wannan soket yana da wuta ko an zare makulli, don haka idan motar za ta yi kwanaki a ajiye, a cire na'urar.

Wayarin

A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi kowace tsada. Sabon rediyo yana zuwa da wayoyin wuta masu launi da aka saba: rawaya tana zuwa batir kai tsaye don riƙe saituna, ja tana samun wuta ne kawai idan an murɗa makulli, baƙa kuma ta jikin mota ce. Wasu masu wayarin, don sauri, sukan murɗe ja da rawaya wuri ɗaya su kai su batir. Allon zai kama, kowa ya yi murna, amma ba ya mutuwa gaba ɗaya ko an kashe mota. Bayan kwana biyu sai a wayi gari ana neman masu turi.

Abin da ya fi shi ne a sayi mahaɗin wayoyi da aka yi don wannan samfurin motar, wanda ke shiga soket ɗin asali ba tare da an yanke komai ba. Highlander mai lasifikar JBL tana da nata amfilifaya a ɓoye, idan ba a samu mahaɗin da ya dace da ita ba, allo zai kama amma sauti ba zai fito ba. Duk sabuwar wayar wuta da aka ja daga batir dole ta samu fiyus kusa da batir ɗin. Fiyus kuma idan ya ƙone, a mayar da mai lamba irin tasa, 10 da 10, 15 da 15. Sa guntun waya ko takardar azurfa a gurbinsa shi ne yadda gobara ke tashi a bayan dasbod, wurin da ba a gani sai hayaƙi ya fito.

Kafin a taɓa komai a cire kan batir mai alamar ragi, a jira 'yan mintoci. Soket masu launin rawaya a ƙarƙashin sitiyari da kujeru na jakar iska ne, ba a gwada su, ba a jan wuta daga jikinsu. Mai tsohuwar Honda da ke son ajiye rediyon asali ya nemi lambar sirrinsa tukuna, domin yana kulle kansa idan aka cire batir.

Shi kansa allon

Ramin rediyo yana da ma'auni biyu. Ƙarami faɗinsa milimita 180 ne, tsayi 50, babba kuma 180 da 100. Allo mai inci 7 yana shiga babban, masu inci 9 da 10 kuwa sai da firam ɗin da aka ƙera don motar. A Lexus RX300 bayanan na'urar sanyi suna fitowa ne a allon asali, don haka wanda zai cire shi ya tabbata sabon zai iya nuna su.

Matsalar allunan masu araha ita ce ƙarya. Kwali zai ce Android 13 da RAM 4GB, shafin bayanai na cikin na'urar ma ya faɗi haka, domin rubutu ne kawai da mai haɗa ta zai iya sauyawa. Abin da ya fi wuyar ɓoyewa shi ne lambar API, wadda manhajoji ke dogaro da ita. A shago, a roƙi mai kaya ya bari a saka AIDA64 ko CPU-Z a duba. API 27 Android 8.1 ce, 29 ita ce 10, 33 kuma 13. Idan aka ga 27 a na'urar da ke iƙirarin 13, sauran alƙaluman ma abin zargi ne. Mai RAM 1GB kuwa ɓata kuɗi ne, taswira da kiɗa kaɗai sun isa su daskarar da shi.

A cikin saituna a zaɓi yankin rediyo na Turai. Tsarin Amurka yana tsallake tashoshin da lambarsu ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, sai mutum ya ɗauka eriya ce ta lalace.

Sannan a sauke taswira a ajiye a cikin na'urar. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar na tsawon makonni. Ko yanzu ma akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa. GPS ba ya buƙatar data, daga tauraron ɗan'adam yake karɓa, hoton taswirar ne kawai ke buƙatar intanet. Google Maps na ba da damar sauke yanki guda, Organic Maps da OsmAnd kuma an gina su ne don aiki babu layi.

Gaskiyar magana, wanda ke da waya mai kyau zai iya haƙura da allon. Mariƙin waya, da caja mai inganci, da ƙaramin rediyo mai Bluetooth sun yi kusan duk aikin. Sai dai a maƙala wayar a bakin iskar sanyi, ba a jikin gilashi ba. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a waje, saman dasbod ɗin motar da ke rana yana wuce 70, alhali an ƙera yawancin wayoyi ne su yi aiki a ƙasa da 35. Fawa-banki ma kada a bar shi a wurin.

Kujeru, shimfiɗa da gilashi

Man da ake shafa wa dasbod ya yi ƙyalli yana kama ƙura, kuma yana mayar da hasken rana cikin idon direba. Tsumma mai ɗan laima ya wadatar. Shimfiɗar dasbod mai duhu tana ɓoye tsagewa tana rage zafi, amma kada ta rufe wurin jakar iska ta fasinja, kada kuma a jera turare da kayan ado a kai, domin idan jakar ta fashe duk fuskar mutum za su nufa. Idan akwai rubutun SRS a gefen kujera, a gaya wa mai ɗinki ya bar wurin. Leda mai kama da fata tana da kyau a hoto, amma a bazara ba ta zaunuwa, yadi mai kauri ya fi ta.

Tabarmar ƙafar direba ta zama ɗaya tak, kuma a maƙale. A 2009 Toyota ta kira miliyoyin motoci gyara a Amurka saboda tabarmar da ke zamewa ta danne totur. Baƙin gilashi kuma, a hanyar da ke da shingayen bincike da yawa, zai riƙa jawo tsayawa da tambayoyi.

Masu tokumbon Amurka, musamman Honda ta 2001 zuwa 2003, su kwafi lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 da ke kusurwar gilashin gaba ta ɓangaren direba, su shigar da ita a shafin hukumar NHTSA. Zai nuna ko motar na cikin masu jakar iska ta kamfanin Takata, wadda zafi da daɗewa ke sa ta watso ƙarfe idan ta fashe. Binciken kyauta ne, kuma a wayar hannu ake yinsa.