Gargaɗi Ga 'Yan'uwa Bisa Gayyar Gyaran Ginin Magabata

Da sunan Allah na fara. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, ni tsoho ne mai karantar da allo nan Ƙofar Dundaye. Na rubuta wagga takarda saboda abin da yaf faru ga masallacin unguwarmu. Wata damina bangonsa na gabas yaf faɗi cikin dare. Da safe munka duba, sai ga indararo toshe da sheƙar tsuntsu. Shekara da shekaru muna salla ƙarƙashinsa, ba wanda yaɗ ɗaga kai. Ni ne farkon masu laifi, Allah shi gafarta mini.

Fasali. Ku sani Muhammadu Bello ya gina Sakkwato cikin 1809. Shehu Usmanu, Allah shi yarda da shi, ya taso daga Sifawa ya zauna cikinta 1815, ya rasu 1817, wato 1232 ta hijira. Anka kewaye birni da ganuwa mai ƙofofi, kamar Ƙofar Kware, da Ƙofar Rini, da Ƙofar Marke, da Ƙofar Atiku, da Ƙofar Taramniya, da tamu wadda ke duban hanyar Dundaye. Nasara sun shigo birnin cikin 1903. Amma ba igwarsu tac cinye ganuwa ba. Damina ce, da barin yaɓe, da masu ɗibar ƙasarta suna gina ɗakuna. Yau mafi yawanta ya tafi, sai sunayen ƙofofi ga bakin mutane. To, ku yi tunani.

Fasali cikin yadda aka gyara. Ginin ƙasa abu ne mai bukatar hannu kowace shekara. Lokacinsa rani, bayan an kai amfanin gona gida, tun hadari bai taso ba. A fara da indararo da rufin soro, don ruwa daga sama shika kashe gini. Bayansa a duba bangon gabas, don ta can iska ka koro ruwa, kuma shi ne bangon alƙibla. A kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana kwanaki ana tattakawa, kana a cike tsaga da tubali, a yi yaɓe. Wanda yas samu makuba, wadda aka yi daga ɓawon ɗorawa, shi shafe da ita, tana tsare ruwa. Azara a nemi ta giginya, gara ba ta cinta da sauri. Ina gargaɗinku, kada ku lulluɓe bangon ƙasa da siminti kuna cewa kun huta. Laima na ɓuya bayansa tana cin bango, ba ku gani, sai ran da yab ɓalle gaba ɗaya. Ku nemi tsofaffin magina tun suna raye, ku sa samari ƙarƙashinsu.

Fasali cikin gayya. Muna yara, ran yaɓe ba a kiran kowa sau biyu. Almajirai ga ɗaukar ruwa, samari ga kwaɓi, magina bisa tsani, mata suna aiko da fura, tsofaffi suna addu'a. Haka mutanen Jenne ta ƙasar Mali suka yi wa babban masallacinsu, wanda anka sake ginawa 1907: kowace shekara gari duka shi fito shi yaɓe shi. Asalin wanga aiki kuwa Madina ne, inda Manzon Allah ya ɗauki tubali da hannunsa tare da sahabbai wurin ginin masallacinsa. Wa ke girman kai bayan wannan?

Masallacin Shehu da na Bello da Hubbare suna da masu kula da su. Abin tsoro ƙananan masallatan lungu ne, da zaurukan karatu, da tsofaffin rijiyoyi. Su ne marayu. Kada ku ce sai hukuma ta zo.

Fasali cikin ladubba. Na farko niyya: ka yi don Allah, ba don a ce wane ya yi ba. Riya tana cin aiki kamar yadda gara ke cin itace. Na biyu, a nemi izinin limami da mai unguwa. Na uku, kuɗin da anka tara amana ne, a rubuta, a karanta gaban jama'a. Na huɗu, kada a ɗebi ƙasa daga maƙabarta ko filin wani. Na biyar, kada mai kuɗi shi raina mai tulu guda.

Ya ɗan'uwa, zuciya ma haka take. Gafala ƙarama ce ke toshe indararonta, sai a wayi gari bango ya faɗi. Mu mun tada namu bango da gayya cikin rani guda. Ku duba naku tun hadari bai haɗu ba.

Allah shi karɓa muna, shi jiƙan magabatanmu.