Tazarar haihuwa: wace dabara ta dace da ke?

Mu manoma mun san cewa gero ba ya yin kai idan ya yi cunkoso a rami guda. Haka uwa take: jikinta yana son hutun shekara 2 bayan haihuwa kafin wani ciki, don kauce wa rurrutsa.

Dabarun suna da yawa, kuma wadda ta yi wa maƙwabciya daidai ba lalle ta yi miki ba. Ƙwaya ana shan ta kullum. Mai mantuwa ta yi hattara, mai hawan jini kuma ta faɗa wa ungozoma tukuna. Allura tana aiki wata 3, amma bayan an daina, ciki yakan ɗan jinkirta.

Mu duba nisa kuma. Matar da ke ƙauye nesa da likitar Tasawa ko ta Mayahi, ga aikin damina, komawa kowane wata 3 yana yi mata wuya. Ita ashanar hannu ta fi mata sauƙi: shekara 3 ko 5, kuma a cire ta ranar da ta so. Takan dai canza al'ada.

Shayar da nono zalla yana karewa wata 6 kawai, muddin al'ada ba ta dawo ba. Ku je tare da maigida, ungozoma ta yi muku bayani.