Jarka, galan da gora: aikinsu bai ƙare ba

Da wuya a sami gida a ƙauyukanmu da babu jarkar da man girki ya ƙare a cikinta, ko gorunan ruwa na roba. Wasu suna jibge a bayan ɗaki, wasu a kan juji. Da damina ruwa yakan kwanta a cikinsu, sauro ya sami wurin hayayyafa. A wannan darasi za mu ga hanyoyi uku na mai da su kayan aiki ba tare da kashe kuɗi ba. Za mu kuma ga irin robar da bai kamata mu sake amfani da ita ba ko kaɗan.

1. Jarka don ajiye wake

Dukanmu mun san yadda ƙwari suke huda wake a buhu cikin 'yan watanni. Wannan yakan sa mu sayar da kaka da araha, mu sayo da tsada da damina. Amma ƙwaron wake yana bukatar iska kamar mu. Idan aka rufe shi inda iska ba ta shiga, shi da tsutsotsinsa za su ƙarar da 'yar iskar da ke ciki, su mutu. Ba sai an sa magani ba.

• Mu sami jarka mai lita 20 ko 25 wadda ba ta tsage ba. Mu wanke ta da sabulu, ta bushe sarai.
• Mu shanya waken sosai. In aka ciji ƙwaya ta fashe ƙas, ya bushe. Wake mai danshi zai yi fumfuna.
• Bayan ya huce, mu cika jarkar har baki, muna girgizawa don ya zauna.
• Mu shimfiɗa leda a bakin, mu murɗa murfin ya kama tam.
• Mu ajiye a inuwa. Kada a buɗe sai bayan wata biyu, domin kowace buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwari.

2. Galan don wanke hannu

Wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga masai da kuma kafin cin abinci yana rage gudawa, musamman ga yara. Amma inda ruwa yake da nisa, kowa yana tsimin sa. A ƙasar Zimbabuwe aka fara yin wani ɗan famfo na ƙwarya domin wannan matsala. Yau da galan ake yin sa.

• Mu ɗauki galan mai lita 5 mai mariƙi. Mu zafafa ƙusa, mu huda ƙaramin rami kaɗan a ƙasa da murfin.
• Mu kafa gwafa biyu, mu gitta sanda, mu rataye galan ɗin ta mariƙinsa.
• Mu ɗaura igiya a wuyansa, ɗaya bakin kuma a jikin sanda da ke kwance a ƙasa.
• In aka taka sandar, galan zai karkata, ruwa ya tsiyayo kaɗan-kaɗan. Hannu mai datti ba zai taɓa shi ba.
• Mu rataye sabulu a gefe, ko mu ajiye toka a gwangwani. Mu zuba tsakuwa a ƙasa don kada taɓo ya taru.

3. Gora don tsabtace ruwan sha

Hasken rana da zafinta suna kashe ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa. Mu sami gorar roba garau, marar launi, wadda ba ta wuce lita 2 ba. Mu cire takardar jikinta, mu wanke, mu cika da ruwa, mu rufe. Sai mu kwantar da ita a kan kwanon rufi na awa 6 cikin rana sosai. In akwai gajimare ko hazo mai yawa, sai ta yi kwana biyu. Ruwa mai laka sai an bari ya kwanta an tace tukuna, domin haske ba ya ratsa shi. Wannan hanya ba ta cire guba daga ruwa.

Gargaɗi

Kada mu taɓa zuba abinci, ruwa, man girki ko nono a robar maganin ƙwari ko maganin ciyawa. Gubar takan shiga jikin robar, wanki kuma ba ya fitar da ita duka. In maganin ya ƙare, mu ɗauraye robar sau uku, mu juye ruwan a tankin feshi, sa'an nan mu huda ta don kada wani ya ɗauka. Haka ma jarkar fetur ko kananzir. In za mu sayi jarka a kasuwa, mu tambayi abin da ta taɓa ɗauka. In ba a sani ba, mu bar ta.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mudu nawa na wake ƙwari suka ɓata mana bara? Nawa ne kuɗinsa?
2. A ina ya kamata mu fara kafa famfon galan: gida, makaranta ko harabar majami'a? Wa zai riƙa cika shi?
3. Akwai gidajen da ake ɗebo ruwa da robar maganin feshi a garinmu? Yaya za mu yi musu magana cikin ladabi, mu kuma taimake su da wata robar?